Sifar Ingilishi great da tarin ma'anoninta: inda ta haɗu da grand da babba, da inda ta rabu da su

0. Gabatarwa

Ɗalibin Nijar yana fara koyon Ingilishi ne a koleji, bayan ya yi shekara shida yana karatu da Faransanci. Saboda haka duk kalmar Ingilishi da ya ci karo da ita, ta kan Faransanci yake bi kafin ya kai ga ma'anarta. Hausa kuwa, in ma ta shigo, sai a zango na uku. Ƙaramin ƙamus ɗin da ke hannunsa yana ba shi grand a gaban great, shi kuma ya daɗe da ajiye babba a gaban grand. Daga nan lissafi ya ƙare a kansa: great shi ne grand, grand shi ne babba.

Wannan lissafi yana yin daidai a wurare da dama, kuma a nan haɗarinsa yake. Inda ya kuskure, jimlar da ta fito ba ta karya nahawu, ma'ana ce kawai ta kauce, don haka mai gyara yana iya wucewa bai gani ba. A takardun fassara da muke gyarawa muna yawan samun irin waɗannan:

(1) We had a great meal. → « Mun ci babban abinci. »
(2) « Yana da babban gida. » → He has a great house.

Mai faɗin jimla ta (1) bai ce kome a kan yawan abincin ba, daɗinsa yake yabawa. Jimlar Ingilishi ta (2) kuma, Ba'ingile ko Ba'amurke zai ji ta ne a matsayin « gidansa ya yi kyau ƙwarai ». Mai nufin faɗin gida da yawan ɗakuna a big house ko a large house zai ce.

Abin da muke son nunawa shi ne, a Ingilishin yau da kullum great ta bar aikin auna girman jiki, ta bar wa big da large. Ma'anonin da ta yi a tarihinta ba su ɓace ba, amma kowace ta samu lungun da ta zauna, kuma sunan da sifar ta raka, tare da gurbinta a cikin jimla, su ne ke nuna wace ma'ana ce ke aiki. Wannan shi ne abin da Michel Bréal ya raɗa wa suna polysémie a littafinsa Essai de sémantique na 1897. Mu a nan za mu ce « tarin ma'ana ».

1. Asalin kalmar da maƙwabtanta

A tsohon Ingilishi, wato kafin mamayar Normandawa ta 1066, kalmar grēat tana nufin « mai kauri », « mai gwaɓi », abin da ba a niƙa ya yi laushi ba. Ƴar'uwar groß ce ta Jamusanci da groot ta harshen Holan, kuma masu binciken asalin kalmomi da yawa suna danganta ta da grit « tsakuwa » da groats « tsakin hatsi ». Kamar da ke tsakaninta da gros ta Faransanci kama ce kawai ta sauti: gros daga Latin grossus ta fito. A wancan zamani kalmar gama-gari ta « babba » micel ce, wadda ta zama much, kuma ta rage a bakin mutanen Sikotlan a matsayin muckle. Da micel ta koma kan yawa kaɗai, sai great ta gaji wurinta a Ingilishin tsakiya: ta zama kalmar girman jiki, da yawa, da muƙami gaba ɗaya, wato kusan yadda grand take a Faransanci har yau.

Ba ta daɗe ita kaɗai a filin ba. Wajen 1300 aka fara ganin big a rubuce-rubucen arewacin Ingila, da ma'anar « ƙaƙƙarfa », sannan ta gangaro zuwa « ƙato ». Large kuma aro ce daga Faransanci, asalinta Latin largus « mai yalwa, mai kyauta ». A Faransanci ta tsaya a kan faɗi, a Ingilishi ta bazu ta zama girma ta kowace fuska, shi ya sa take cikin sanannun kalmomin da malaman Ingilishi ke kira faux amis: a large river babban kogi ne, une large rivière kogi ne mai faɗi. Ita ma grand ɗin Ingilishi ta aro ta, ta ajiye ta a kan alfarma da ƙasaita da sunayen dangi. Sifa huɗu ke nan a filin da Faransanci ya fi dogara da biyu, grand da gros. Da aka yi cunkoso, kowace ta ja gefe, kuma great ce ta yi tafiya mafi nisa daga inda ta taso.

Wata ƴar magana a kan furuci kafin mu wuce. Harufan ea a galibin kalmomi kamar meat da seat ana furta su da dogon i, amma great da break da steak sun tsaya a kan ei. Ɗalibin da ya bi ƙa'idar gama-gari greet « gaisar » yake faɗa. A furucin daidai great da grate « kankare, goga » sauti ɗaya ne, sai dai wannan haɗuwar kalmomi biyu ce mabambanta, abin da ake kira homonymie, ba shi ne batunmu ba.

2. Inda tsohuwar ma'ana ta maƙale

Ma'anar girman jiki tana nan da rai a cikin sunayen da suka daskare tun kafin big ta karɓe aikin, da waɗanda aka ƙera daga baya a kan samfurinsu. Manyan tafkuna biyar da ke tsakanin Amurka da Kanada su ne the Great Lakes, kuma mafi girmansu, Superior, ya kai murabba'in kilomita 82.000. Ganuwar Sin the Great Wall ce, kuma a kanta aka gina sunan the Great Green Wall, shirin dashen itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Nijar ke ciki. A sunayen dabbobi akwai great apes da great white shark. Likita yakan rubuta great toe a inda mutumin titi ke cewa big toe, babban yatsan ƙafa. Akwai kuma tsohon salon magana great with child, na mace mai tsohon ciki, wanda ya fi kowanne kusa da ma'anar farko ta kauri. Mai jin Faransanci zai tuna grossesse.

A yawancin waɗannan sunaye great kwatanci take yi tsakanin abu biyu masu suna ɗaya. Ƙauyukan Ingila cike suke da irin wannan tagwaye, kamar Great Missenden da Little Missenden. Hausa ta san tsarin sarai: babbar salla da ƙaramar salla.

Misali biyu sun cancanci mu ɗan tsaya a kansu, domin an fi yi musu gurguwar fahimta. Na farko Great Britain. Mun sha jin masu ilimi suna ɗaukar sunan a matsayin kirari da masu daular mulkin mallaka suka yi wa kansu. Sunan ya girmi daular. Marubutan Latin na tsakiyar zamani, irin su Geoffrey na Monmouth a ƙarni na 12, sun bambanta Britannia major, wato tsibirin, da Britannia minor, yankin da ke arewa maso yammacin Faransa inda wasu mutanen tsibirin suka yi ƙaura suka zauna. Sarki James ya kira kansa sarkin Great Britain a 1604, kuma haɗewar Ingila da Sikotlan ta 1707 ta mai da sunan na hukuma. A nan ɗalibinmu ya fi ɗan'uwansa na Najeriya sa'a, domin Faransanci ya riƙe tagwayen a fili, Bretagne da Grande-Bretagne, alhali Ingilishi ya mai da ƙaramar Brittany, dangantakar ta ɓuya. Na biyu Magna Carta ta 1215, wadda ake fassarawa the Great Charter. An fara ce mata magna ne a 1217 don a bambanta ta da wata ƙaramar takarda da aka fitar tare da ita a kan dokokin dazuzzukan sarki. Darajar da take da ita a tarihin shari'a daga baya ta zo, sai masu karatu suka zuba sabuwar ma'anar sifar a cikin tsohon suna. Irin wannan sake-fahimta, a ganinmu, ita ce hanyar da ma'ana ke bi ta gusa: babu ranar da aka sauya kalmar, masu ji ne suka sauya abin da suke ji.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke nuna cewa wannan ma'ana ta daskare. A ciro sifar daga gaban suna a kai ta bayan aikatau be:

(3) the Great Lakes
(4) The lakes are great.

Jimla ta (4) ba ta cewa tafkunan manya ne. Cewa take suna da daɗin ziyara. Mai son maganar girmansu The lakes are big ko huge zai ce. Haka nan How big is it? ita ce tambayar awo. A Hausa « babban tafki » da « tafkin babba ne » abu ɗaya suke faɗa, haka ma un grand lac da le lac est grand.

Sunayen dangi sun ɗauki wata hanya tasu. A great-grandfather, great tana ƙara tsara ɗaya ce a kan kaka, kuma ana iya maimaita ta, great-great-grandfather, kamar yadda Faransanci ke maimaita arrière. Tsarin yana gangarawa ƙasa ma: jinjirin da Hausa ke kira tattaɓa-kunne, Faransanci kuma arrière-petit-fils, a Ingilishi great-grandson ne, da kalmomin girma biyu a kansa.

3. Sunan da sifar ta raka

In muka bar daskararrun sunaye muka shiga jimlolin da mai magana ke ƙerawa da kansa, za mu ga ma'anar great tana bin irin sunan da ke bayanta.

Tare da sunan abin da ba a taɓawa, great mizani take nunawa, wato tsanani ko yawa: great care « kulawa ƙwarai », great difficulty « matuƙar wahala », great pain « tsananin ciwo », a great deal, a great many. Wannan amfani ya fi yawa a rubutu da maganar hukuma, kuma shi kaɗai ne ke jure wa gwajin da muka yi a sama: The risk is great yana nufin haɗarin yana da yawa. A lissafi ma 5 is greater than 3 ake cewa. Mai fassara zuwa Hausa a nan sau da yawa ba ya buƙatar sifa. Ƙwarai, matuƙa, tsananin, ko aikatau fi sun wadatar.

Daga nan ne sunayen manyan masifu suka fito, kuma su ne ke ruɗa ɗalibin da ya fara sanin great a matsayin yabo: the Great Plague, annobar Landan ta 1665; the Great Fire, gobararta ta 1666; the Great Famine, yunwar Ailan ta 1845 zuwa 1852 wadda ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya; the Great War na 1914 zuwa 1918; the Great Depression da ya fara a 1929. Babu yabo a ko ɗaya. Girman abin da ya auku ne, da girman tabon da ya bari. Mu masu nazarin harshe muna da namu, the Great Vowel Shift, sunan da Otto Jespersen ya ba gagarumin sauyin dogayen wasulan Ingilishi da ya fara wajen 1400.

Tare da sunan mai aikata wani abu, sifar ba ta bayyana mutumin, aikin take aunawa. A great reader, a tsohon amfani, mai yawan karatu ne. A great believer in something mai ƙarfin yarda da abin ne. A great friend amini ne. Dwight Bolinger ya yi bayanin wannan a wata maƙala ta 1967, inda ya bambanta sifar da ke bayyana wanda ake magana a kansa da sifar da ke gyara ma'anar sunan kansa. Hausa na yin haka: babban maƙaryaci yana iya zama ɗan siririn mutum. Sai dai harsunan uku ba su zaɓi sifa ɗaya ga kowane aiki ba. Gros fumeur a Ingilishi heavy smoker ne, gros mangeur kuma big eater. Wannan ba a cirato shi daga ƙa'ida, sai an haddace. Kuma a bakin matasan yau a great reader ya fara karkata zuwa « ya iya karatu », ya bar « yana yawan karatu », saboda matsin ma'anar da za mu gani a sashe na 5.

Tare da sunan mutum ko na sana'a mai daraja, great ɗaukaka take nunawa: a great poet, a great scientist. Laƙabin the Great na sarakuna daga nan yake: Iskandar na Makidoniya, wanda ya mutu a 323 kafin Miladiyya, Alfred na Wessex da ya mutu a 899, Bitrus na Rasha da ya mutu a 1725, Katarina ta Rasha da ta mutu a 1796. Faransanci ya haɗiye laƙabin cikin suna a Charlemagne, daga Carolus Magnus. Laƙabin yana auna tasiri ne, bai shaidi kyawun hali ba, tun da Hirudus ma the Great ake ce masa. A Hausa muna da ƴar matsala a nan: « Mai Girma » ya riga ya zama kalmar ladabin hukuma, daidai da Son Excellence, wadda ake sa wa duk mai riƙe da muƙami. « Iskandar Mai Girma » yana iya yi wa mai sauraro kama da gabatarwar gwamna a wurin taro. Mun fi son « Iskandar Babba », ko da yake shi ma yana iya sa a tambayi ina ƙaramin.

Hanya ɗaya ta tabbatar da cewa waɗannan ma'anoni daban-daban ne ita ce neman kishiyar kowace. Kishiyar Great a sunan ƙauye Little ce. A sunayen tsuntsaye lesser. Kishiyar a great poet ita ce a minor poet. Ta a great risk ita ce a slight risk. Ta a great meal ita ce an awful meal. Babba kuwa, ko ina ta je ƙarami na biye da ita: babban gida da ƙaramin gida, babban malami da ƙaramin malami, babbar magana da ƙaramar magana.

4. Babban mutum: big man ko great man?

Cewa ana auna daraja da kalmar girman jiki ba abin mamaki ba ne. George Lakoff da Mark Johnson, a littafinsu na 1980 kan siffantawa a maganar yau da kullum, sun lissafa wannan cikin siffantawar da ta zauna a Ingilishi har ba a jin ta: muhimmin abu babba ne. Ana samun ta a harsuna masu nisa da juna, kuma dalilin da aka fi bayarwa shi ne yaro yana buɗe ido ya tarar waɗanda suka fi shi jiki su ne suka fi shi shekaru da iko. Hausa ta tara duka a kalma ɗaya, girma: girman jiki, girma na shekaru, girma na daraja, har da girmamawa da girman kai.

R. M. W. Dixon, a nazarinsa na 1977 kan ajin sifa a harsunan duniya, ya kawo Hausa cikin harsunan da ainihin sifofinsu ƴan kaɗan ne, kimanin goma sha biyu, kuma ya nuna cewa irin wannan ƙaramin aji kusan kullum yana ƙunsar kalmomin awo, da shekaru, da daraja, da launi. Babba tana cikinsu, kuma da yake ajin ƙarami ne, kaya da yawa ta ɗauka: babban birni, babban sakatare, babbar riga, babbar hanya, manyan gari. Idan Bahaushe yana son girman jiki zalla, sai ya koma ga ƙato, ko ga sifofin zuzutawa irin su gabjeje da fankameme da zungurere. Wato Hausa ta ware kalmomi na musamman ga jiki, ta bar babba ta riƙe jiki da daraja tare. Faransanci ya raba su da gurbi, un homme grand da un grand homme, misalin da kowane ɗan firamare ya haddace. Ingilishi ya raba su da kalmomi:

(5) a tall man « dogon mutum »
(6) a large man « ƙaton mutum »
(7) a big man « ƙaton mutum », ko « mai faɗa-a-ji »
(8) a great man « mutumin da tarihi zai tuna »

Large ba ta fita daga awo da adadi. Big tana shiga muhimmanci, amma irin na yau da kullum: a big day, a big decision, big business, da big brother, wanda shi ne grand frère, wa ko yaya. Babu mai cewa great brother da wannan nufi. Muhimmancin da big ke nunawa na ƙarfi ne da tasiri a yanzu. Na great hukunci ne da ake yankewa bayan an auna. Shi ya sa babban mutum, a ma'anar mai dukiya da jama'a a ƙofar gida, big man ne, kuma haka Ingilishin Najeriya da Gana ke faɗa. A ma'anar dattijo mai mutunci kuwa, ba big ba great, sai an nemi wata kalma kamar respected.

Abokan aikinmu na sashen nazarin al'umma sun san wannan bambanci ta wata ƙofa. Marshall Sahlins ya yi amfani da big man a 1963 don shugabannin Melanesiya da ke samun iko ta hanyar tara dukiya da rabar da ita. Maurice Godelier, a littafinsa La production des Grands Hommes na 1982 kan mutanen Baruya na Papuwa Niyu Gini, ya bayyana wani irin shugabanci dabam, na jarumai da masu tsafi da jagororin bukukuwan balaga, wanda ba a saye da dukiya. A Ingilishi aka kira su great men, kuma littafin da Godelier da Marilyn Strathern suka shirya a 1991 sunansa Big Men and Great Men. Faransanci ba shi da sifa biyu da zai raba su, don haka masu rubutu da shi suka bar big man yadda yake ba fassara. Wanda zai koyar da wannan darasi da Hausa zai ci karo da bangon nan, domin duka biyun « manyan mutane » ne; sai ya ƙera wani abu kamar « manyan dukiya » da « manyan baiwa ».

5. Yabo

Ma'ana ta ƙarshe, wadda ta bayyana a ƙarni na 19 kuma ta yi ƙarfi musamman a Amurka, ita ce ta fi kowace yawa a bakin mutane yau: a great film, a great idea, You look great, ko Great! ita kaɗai a matsayin amsa. A nan babu awo, babu muƙami. Mai magana yana cewa abin ya yi masa. Har ta zama bayanau a maganar sakewa: She's doing great. Wannan tafiya ta dace da abin da Elizabeth Traugott ta nuna tun shekarun 1980, cewa ma'anoni sukan gusa daga bayyana abin da ke waje zuwa bayyana ra'ayin mai magana. Kauri ana taɓa shi da hannu. Ɗaukaka jama'a ce ke yanke ta. Daɗin fim kuwa mai kallo kaɗai ya isa ya yanke.

Yawan amfani ya rage mata kaifi. Great a amsar saƙo sau da yawa ba ta wuce « to, madalla » ba, kuma da faɗuwar murya, Oh, great, gatse ce, kamar yadda muke cewa « da kyau! » ga yaron da ya fasa tulu.

Wannan zango ne babba ba ta taka ba ko kaɗan. Babban fim mai tsawo ne ko mai tsada ko mai muhimmanci, ba lalle ya yi daɗi ba. Grand ta ɗan leƙa, a un grand vin ko du grand art, amma wannan yabo ne na daraja. Don yabon yau da kullum Faransanci super da génial da formidable yake ɗauka. Asalin kuskure na (1) ke nan: ɗalibin ya bi gada zuwa wurin da harsunansa biyu ba su da masauki.

6. Abin da masu fassara suka yi

Sunayen littattafai da finafinai suna nuna yadda ƙwararru suka fuskanci matsalar. Great Expectations na Dickens, 1861, da fim ɗin The Great Escape na 1963 sun wuce cikin sauƙi, Les Grandes Espérances da La Grande Évasion, domin sunayen da sifar ta raka na abubuwan da ba a taɓawa ne. The Big Sleep na Raymond Chandler ma Le Grand Sommeil ya zama, inda grand ta haɗiye big. Amma The Great Gatsby na Fitzgerald, 1925, Gatsby le Magnifique aka yi shi, saboda great ɗin nan tana ɗauke da ƙamshin tallar masu wasan dabo da kuma gatse, abin da le Grand ba zai bayar ba. The Great Dictator na Chaplin, 1940, an sauke masa sifar gaba ɗaya, ya zama Le Dictateur.

Siyasa kuma tana cin moriyar tarin ma'anar. Taken yaƙin zaɓen Donald Trump na 2016, Make America Great Again, wanda Ronald Reagan ya yi amfani da kusan irinsa a 1980, yana barin kowane mai sauraro ya zaɓi tasa: ƙarfin ƙasa, ko martabarta a idon duniya, ko dai rayuwa mai daɗi irin ta a great meal. Jaridun Faransa sun fi fassara shi da grandeur, wato sun zaɓar wa mai karatu ma'ana ɗaya. Mai fassara zuwa Hausa ma dole ya zaɓa tsakanin martaba da ƙarfi da jin daɗi.

Ga masu aikin ƙamus na harsuna uku, shawararmu ita ce kada a jera ma'anonin great bisa tarihi, domin hakan yana sa « babba » a layin farko, kuma layin farko shi ne iyakar abin da ɗalibi mai sauri ke karantawa. Gara a fara da yabo, « mai kyau ƙwarai, madalla »; a bi da mizani tare da sunayen abubuwan da ba a taɓawa, « ƙwarai, matuƙa »; sannan ɗaukaka, « shahararre, gagarumi »; a ajiye « babba » ga daskararrun sunaye, tare da kibiya mai tura mai neman girman jiki zuwa big da large. Siffar kwatanci greater tana buƙatar layinta dabam, saboda amfaninta a sunayen birane da kewayensu, kamar Greater London da aka kafa a 1965 da Greater Manchester a 1974, inda fassarar da ta dace ita ce « Landan da kewaye ».